KAMAZURUN ROBA KO NA FATA: WANNE YA DACE DA MAHAYIN DOKI A LEGAS?

Gabatarwa

Na san wani zai ga kan wannan rubutu ya yi murmushi, ya ce me ya haɗa ɗalibin harshe da igiyar doki, kuma wai a Legas, garin da mutum ma da ƙyar yake samun wurin sa ƙafa? To, ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri ya bi ni a sannu. A Ebute Metta aka haife ni, kusa da layin dogo, a nan kuma na tashi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a Agege, kuma ya daɗe yana kiwon dawaki biyu waɗanda yake ba da hayarsu a lokacin biki da Sallah. A bargarsa na koyi hawa, a kan dokinsa kuma na samu karayar da har yau nakan ji ta a wuyan hannuna idan sanyi ya sauko. Igiya ce ta jawo mini wannan karaya.

Ra'ayin da nake so in bayyana a wannan ɗan rubutu shi ne: duk wanda yake hawan doki a wuri mai ruwa da laima irin Legas, ya kamata ya riƙa amfani da kamazurun roba mai kyau a hawansa na yau da kullum, ya adana na fata mai ado don ranar da ta dace da shi. Yin haka ba cin amanar al'ada ba ne. Zan kawo dalilaina, in faɗi yadda ake gane na ƙwarai, in saurari masu suka, sannan in rufe da abin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban Hausa.

Linzami, ragama da kamazuru

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita sunaye, domin da yawa daga cikinmu mun haɗe abubuwa uku mun ba su suna ɗaya. Linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki. Ragama ita ce igiyar da ake ɗaura masa a ka don a ja shi ko a ɗaure shi a turke, ba ta da ƙarfe a baki. Kamazuru kuwa shi ne igiyar nan da ta taso daga gefe biyu na linzami ta zo hannun mahayi. Da shi ake juya doki dama ko hagu, da shi ake rage masa gudu, da shi ake tsayar da shi. Idan linzami ne yake magana da doki, to kamazuru ne yake kai saƙon.

Na taɓa tambayar abokan karatuna goma ma'anar kamazuru, mutum biyu kawai suka sani, su ma ɗaya ɗan Katsina ne da ya tashi kusa da fada. Amma dukkansu sun san “ragamar mulki”, sun kuma san “makami mai linzami” da muke ji kullum a labaran rediyo. Wato kalmomin doki sun sauka daga kan doki sun shiga siyasa da yaƙi, mu kuwa mun manta da asalin inda suka fito.

Masu nazarin aron kalmomi sun nuna cewa linzami da sirdi da likkafa duk daga Larabci Hausa ta aro su, tare da kayan da kansu, ta hanyar cinikin Sahara. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a Kano. Wannan yana nuna mana cewa kayan dokin da muke kira na gargajiya su ma wata rana baƙi ne. Kakanninmu sun gan su, suka gwada, suka ga sun fi abin da ke hannunsu, suka karɓa suka raɗa musu suna. Ina so mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta.

Doki a Ikko

Kurmi ba ƙasar doki ba ce tun asali. Ƙudan tsando da cutar sammore da yake ɗauke da ita sun hana doki yaɗuwa a dazukan kudu, shi ya sa ko daular Oyo, wadda ta yi suna da mayaƙan dawaki, daga arewa take sayo su. Har yau ma mafi yawan dawakin da za ka gani a Legas daga arewa aka kawo su, masu kula da su kuma galibi mutanenmu ne.

Hausawa sun daɗe a Ikko, amma jirgin ƙasa ne ya ƙara yawansu. A Ebute Metta hedikwatar hukumar jiragen ƙasa take, kuma tun da aka haɗa layin dogo daga Legas zuwa Kano wajen 1912, shanu da fatu da gyaɗa suka riƙa gangarowa, goro yana hawa. Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a Agege, har zangonsu ya zama gari guda mai sarkinsa. Bahaushe kuwa duk inda ya zauna ya samu sukuni, sai ya tuna da doki.

A yau za ka tarar da doki a wurare uku a Legas. Akwai na masu wasan folo, waɗanda kulob ɗinsu na Ikoyi ya samo asali tun 1904. Akwai na bakin teku, inda samari suke ɗora masu yawon shaƙatawa su zagaya da su a biya su. Da can Bar Beach ce matattararsu, amma aikin cike teku na Eko Atlantic da aka fara a 2008 ya cinye wurin, suka koma gaɓar Lekki. Sai kuma na unguwa irin na kawuna, na biki da kilisa.

Duk waɗannan dawaki suna fama da abu ɗaya, wato yanayi. Ruwan da ake yi a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. Damina takan kankama tun daga Afrilu, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ko ba a ruwa, iskar garin jiƙe take, ga kuma gishirin teku a cikinta. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, wadda za ta shekara goma a rataye a Kano ba abin da ya same ta, a Agege mako biyu ya isa ta yi funfuna. Ƙarfe kuma ya yi tsatsa, zare ya ruɓe.

Abin da ya same ni

Ina ɗan shekara goma sha bakwai aka yi wani biki a Agege cikin watan Yuni, aka ɗauki hayar dawakin kawuna don rakiyar ango. Kawu ya hau ɗaya, ya ba ni ɗayan, wani akawali mai zafin kai. Kamazurun da ke jikinsa jan fata ne da aka kawo daga Kano, mai tuntaye da ɗinkin ado, abin sha'awa. Saboda funfuna, kawu yakan shafe shi da man gyaɗa duk mako, har ya yi sulɓi yana ƙyalli.

Mun fito ke nan aka fara yayyafi. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko sosai. Muna daf da wata mahaɗa sai wani direban danfo ya danna hon a bayanmu. Doki ya zabura. Na ja kamazuru da iya ƙarfina, sai na ji yana zamewa ta tsakanin yatsuna kamar na kama tarwaɗa. Ruwa da mai da gumi sun haɗu, ba abin da hannuna zai riƙe. Don tsoro sai na naɗe shi a hannun hagu, wanda shi ne babban kuskuren da na yi. Doki ya yi tsalle ya kauce wa wata yarinya mai tallar burodi, ni kuwa na faɗa bakin kwata, igiyar ta fizge hannuna kafin ta sake ni. Allah ya kiyaye yarinyar, farantinta kawai ya kife. Ni na yi wata biyu da ɗauri.

Da na samu sauƙi, wani dattijo abokin kawu, wanda ya shekara talatin yana aikin barga a wurin masu folo, ya zo duba ni. Ya sa aka kawo masa kamazurun, ya jiƙa shi da ruwa, ya ce kawu ya riƙe. Ya ja sau ɗaya, sai ga shi a hannunsa. Sannan ya zaro wani baƙi daga jakarsa, mai ƙananan ƙuraje a jiki kamar fatar kada, shi ma ya jiƙa shi ya ce a riƙe. Ya ja, ya sake ja, bai motsa ba.

Kawu ya ɓata rai ya ce, “Malam, wannan ai kayan Nasara ne. Ni da na gaji hawa wurin ubana zan ɗaura wa dokina robar taya?”

Dattijon ya ce, “Alhaji, ubanka a Katsina ya yi hawa, kai a Ikko kake yi. Da yaron nan ya taka 'yar mutane, ado za ka nuna wa iyayenta?”

Kawu bai amsa ba. Amma bayan kwana uku na ga baƙar igiyar a rataye a barga.

Yadda ake gane na ƙwarai

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka kira roba shi ke nan an tsira. Na biyun da kawu ya saya da kuɗinsa, mai araha ne, wata huɗu kawai ya yi robar ta fara daddarewa tana barin baƙi a tafin hannu. Araha ba ta ado. Daga abin da na koya wurin dattijon nan da kuma abin da na gani da idona, ga abubuwan da mai saye ya kamata ya duba.

Na farko, abin da ke ciki. Kamazurun roba ba roba ba ce zalla. Akwai ɗamara a ciki, ta fata ko ta zaren nailan da aka saƙa, ita ce take ɗaukar nauyin ja, robar kuwa riga ce aka sa mata don riƙo. Ka kama shi da hannu biyu ka ja. Idan ya miƙe kamar robar danƙo, ajiye shi, domin saƙonka zai riƙa isa bakin doki a makare. Na ƙwarai ba ya miƙewa.

Na biyu, jikin robar. Ka lanƙwasa shi sosai ka duba bayan lanƙwasar. Idan ka ga ƙananan tsage-tsage ko wurin ya yi fari, robar ta tsufa tun a kanti. Ka murza shi a tafin hannu, idan ya bar baƙi ko yana manne wa fata kamar ƙaro, ta fara lalacewa. Ƙurajen jikinsa su zama a tsaye, ba masu kaifin da za su sa maka kanta ba, ba kuma shafaffu ba. Idan mai kanti ya yarda, ka jiƙa hannunka ka gwada, domin don ranar ruwa kake sayensa.

Na uku, faɗi da tsawo. Galibi ana yin su da faɗin milimita 13 ko 16 ko 19. Mai ƙaramin hannu, kamar yaro ko mace, siriri ya fi masa, domin idan igiya ta cika hannu yatsu ba sa rufuwa a kanta, riƙon ya zama na banza. Babban mutum na tsakiya ya ishe shi. Tsawon da aka saba yi wa babban doki kimanin inci 54 ne kowane gefe, wato santimita 137. Dawakinmu ba su kai na Turai girma ba, saboda haka a lura kada rarar igiyar ta yi yawa ta riƙa lilo har ƙafar mahayi ta shiga ciki.

Na huɗu, ɗinki da ƙarfe. Kamazuru ba ya cika tsinkewa a tsakiya. Inda yake mutuwa shi ne wurin da ya naɗe zoben linzami, da wurin da roba ta haɗu da fata, da kuma wurin maƙulli. Ka duba ɗinkin waɗannan wurare, ya zama mai yawa, a jere, ba zare a sake. Maƙullan kuma su zama na farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, musamman ga masu aiki a bakin teku, domin ƙarfen da aka yi wa fenti kawai gishiri zai cinye shi cikin damina ɗaya.

Na biyar, kuma wannan mutane da yawa ba su san shi ba: ya kamata a samu wurin da zai iya tsinkewa. Zaren nailan yana da ƙarfin da ba ya yankewa da sauƙi. Idan mahayi ya faɗi doki ya taka igiyar yana gudu, ko ta maƙale a wani ƙarfe, gara ta tsinke da ta yaga bakin doki ko ta karya masa wuya. Shi ya sa masu yin na ƙwarai suke barin bakinsa biyu da fata. Ƙarfi ya yi, amma ƙarfin da ba shi da iyaka haɗari ne.

Bayan saye sai kulawa. Rana da zafi su ne manyan abokan gabar roba, don haka kada a bar shi a shanye a kan katanga ko cikin mota a rufe. Mai ma yana lalata ta, musamman man inji da kananzir, saboda haka wanda ya saba shafe fata kada ya kai hannunsa kan roba. Ruwa da ɗan sabulu sun isa, a goge, a rataye a inuwa. Bakin fatar ne kawai za a ɗan shafa wa mai. Ranar da ƙurajen suka shafe ko ɗamarar ciki ta leƙo, to ya gama aiki, a canza shi. Rigakafi ya fi magani.

Abin da masu suka suke cewa

Na sha yin wannan muhawara da mahaya, kuma ba zan ɓoye ba, wasu daga cikin hujjojinsu suna da nauyi.

Akwai masu cewa roba ba ta da kwarjini. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ya taɓa ganin hawan Daushe ko hawan Nasarawa a Kano ya san cewa ado rabin hawa ne. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma aikin dukawa da maƙera da masu ɗinki yana cikin abin da ya ba shi wannan daraja. Ba wanda zai so ya ga baƙar roba a hannun hakimi ranar jafi. Amma hakimi yana da zagage a gaba da bayansa, kuma ba kullum yake hawan ba. Yaron da ke ɗaukar baƙi a bakin teku tun safe har yamma, hannunsa jiƙe da ruwan gishiri, yana ɗora mutanen da ba su taɓa hawa ko jaki ba, shi wa zai tare masa? Kowane aiki da kayansa. Babbar riga ta fi kyau, amma ba a shiga gona da ita.

Akwai kuma masu cewa gwanin mahayi ba ya buƙatar roba, da ƙafa da zama yake sarrafa doki. Haka ne. Sai dai gwanaye nawa ne? Kuma ko a ƙasashen da suka yi nisa a tseren dawaki, irin su Ingila da Faransa, mahayan tsere da masu tsallake shinge kamazurun roba suke riƙewa, domin sun san wuyan doki yana yin gumi, ruwa kuma ba ya sallama. Gwaninta ba ta hana hannu santsi.

Suka ta uku ita ce ta fi damuna, kuma daga bakin dattijon nan na ji ta. Linzaminmu na gargajiya, mai zobe da dogon harshe, yana da zafi ƙwarai. An yi shi ne don yaƙi da sukuwa, inda ake so doki ya tsaya cak a taki ɗaya. Da yawa daga cikinmu mun ga doki yana zubar da jini ta baki bayan hawa. Kamazurun fata yakan ɗan zame ya rage wa doki azaba, na roba kuwa ba ya zamewa, duk ƙarfin da ka ja shi zai isa. Saboda haka wanda ya haɗa roba da linzami mai zafi da hannu mai nauyi ya zalunci dabba. Amsata ita ce, wanda zai koma roba ya duba linzaminsa ma, ya nemi mai sauƙi don hawan kullum, ya kuma koyi sassauta hannu. Kyakkyawan riƙo don ka daina fizga ne, domin mai fizgar doki galibi tsoron kuɓucewar igiya ne yake sa shi. Kuma ko da wasa kada a naɗe kamazuru a hannu, na roba ne ko na fata. Ni shaida ne.

Suka ta ƙarshe ita ce ta tattalin arziki: idan kowa ya koma kayan waje, dukawanmu su ci me? Wannan tambaya ce ta gaskiya, amma ina ganin amsarta tana hannun dukawan da kansu. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun ƙarnoni da suka wuce, har ake kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi. Roba kuwa a ƙasar nan ake tatsarta, a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, har akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da Benin. Tun da Charles Goodyear ya gano hanyar dafa roba da farar wuta a 1839, sarrafa ta ya daina zama sirri. Kamazurun roba na ƙwarai ma ai rabinsa aikin baduku ne: yankan fata, ɗinki, sa maƙulli. Me zai hana baduku a Kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai ko nan Agege ya ɗinka kamazuru mai jan baki da tuntaye irin namu, ya sa masa rigar roba a daidai inda hannu yake kamawa? Ado yana nan, riƙo yana nan, kuɗin kuma ya tsaya a gida. Sana'ar da ta ƙi motsi ita ce take mutuwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya karɓi wasan folo daga hannun Turawa, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da duniya ta sani a wasan, kuma ba wanda ya ce hawan Sallar Katsina ya ragu da komai saboda haka.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Yanzu bari in dawo gida. A bargar kawuna da sauran wuraren da na zagaya a Legas, na lura samarin da ke aikin dawaki ba sa cewa kamazuru. Sunan Turanci suke kiransa da shi, a karye, haka ma majayi da sauran kayan sirdi. Waɗannan yara Hausawa ne, Hausa suke yi da junansu, amma da zarar sabon kaya ya zo, sai ya zo da sunansa ya kori namu. Laifin ba nasu ba ne. Ba wanda ya gaya musu cewa abin yana da suna.

A nan ne nake ganin hatsarin ƙin sabon abu. Idan muka ce kamazuru sai na fata, na roba ba namu ba ne, to ranar da na fata ya koma kayan ajiya, kalmar ma za ta bi shi cikin adaka. Idan kuwa muka ce wannan ma kamazuru ne, na roba, to kalmar ta samu sabon gida, za ta ƙara shekaru. Haka kakanninmu suka yi da linzami da sirdi. Haka aka yi da “jirgi”, wanda ya tashi daga kan ruwa ya hau dogo ya kuma tashi sama.

Don haka ina ba 'yan'uwana shawara, musamman masu neman batun kundin kammala digiri. Ku buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ku ga yawan kalmomin da suka shafi doki, launinsa da tafiyarsa da cututtukansa da kayansa. Sannan ku ɗauki littafi da biro ku je barga, ku je rumfar dukawa, ku zauna da tsofaffin zagage, ku tambaya wanne ne yake raye, wanne ya mutu, wanne sabo ya shigo ba shi da suna. Kada ku tsaya a Kano da Zariya kawai. Ku zo zangon Agege, ku ji yadda Hausa take rayuwa a bakin teku. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ya koya mini abin da na rubuta a nan ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ban rubuta ko rubu'in abin da ya sani ba.

Kammalawa

A taƙaice, abin da nake cewa shi ne mahayi ya zaɓi kamazuru bisa ga ƙasar da yake da aikin da zai yi. A Legas, inda ruwa da gumi da gishiri suke, kuma titi cike yake da yara da motoci, na roba mai ƙarfin ciki, mai kyan ɗinki, mai bakin fata, shi ya fi dacewa da hawan kullum, muddin an haɗa shi da linzami mai sauƙi da hannu mai tausayi. Na fata mai ado a adana shi, a girmama masu yinsa, a fito da shi ranar da sama ta yi haske.

Kawuna ya tsufa yanzu, ya bar wa 'ya'yansa dawakin. Jan kamazurun nan yana nan a rataye a ɗakinsa cikin jakar fata, yakan fito da shi ranar Sallah ya goge. Baƙin kuwa an canza shi ya fi sau biyar. Kwanakin baya da na je gaishe shi, na ji yana yi wa ƙaramin ɗansa faɗa don ya bar na roba a rana. Ya ce masa, “Kai, ɗauke kamazurun nan ka kai inuwa.” Sunan da ya kira shi da shi ya fi komai faranta mini rai.

Allah ya kiyaye mahaya da dawakinsu, ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalamu alaikum.